Rigar da Sammani Ya Ɗinka wa Kwamfuta

Duk wanda ya zauna Ƙofar Kaura a shekarun da soja suka koma bariki ya san Sammani tela. In bai san fuskarsa ba, to ya san muryarsa. Allah sarki, mutum ne mai kirki, ba ya hana aron almakashi, kuma in ya yanka maka wuyan riga sai ka rantse da ita aka haife ka. Bakin ne kawai ya fi hannun gudu.

Ya taɓa zuwa Kaduna kwana tara, ya rataya labule a wani babban ofis. A can ya ga kwamfuta goma sha biyu a jere, har gwiwar hannunsa ta gogi ɗaya. Shi ke nan fa. Da ya dawo sai labarin ya dinga kumbura kamar ƙullin ƙosai. A watan farko gani ya yi, a wata na biyu shi ya kunna su, kafin shekara ta zagayo Turawan ofishin ba sa taɓa komai sai sun ce a kira Malam Sammani. Mu kuwa mutanen unguwa, ai kun san halinmu, wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne malaminmu.

To da farar hula suka zo, ƙungiyoyi suka tsiro kamar ciyawar damina. Teloli ma suka kafa tasu, Alhaji Baƙo ne shugaba. Ana nan sai ga wani ɗan kwangila ya ce zai raba ɗinkin rigunan ’yan firamare, aikin da zai riƙe kowane keke wata uku, amma sai mai katin ƙungiya. Ya sa rana, Asabar ta uku. Teloli ɗari uku da goma sha bakwai, kowa na jiran kati.

Alhaji Baƙo ya ce ba za a ji kunya ba. Ya sa aka sayo kwamfuta da injin buga takarda, wani injiniya ya taso daga Kano ya haɗa su a ɗan shagon ƙungiya. Shigar da sunaye kuwa aka ba Malama Zulaihat, shugabar mata teloli, wadda ta shekara ashirin tana buga tafireta kafin ta koma ɗinki. Saura wanda zai riƙe makullin ɗakin, ya kula da lafiyar na’ura.

Sammani ya miƙe ya gyara hula.

“Alhaji, wai nema ake? Da ni a gari?”

Almu, taubashinsa, wanda shagonsu ke jingine da juna, ya ce, “Alhaji, a tambaye shi dai. Wadda ya goga a Kaduna, ta warke kuwa?”

“Kai rufe mana baki. Kai da ko rediyo sai ka yi alwala kake kunnawa.”

Aka yi dariya, aka rataya wa Sammani makulli a wuya.

Injiniya ya tsaya yana yi masa bayani dalla-dalla. Ya nuna masa ’yan ƙofofin da ke bayan akwatin, ya ce ta nan take shaƙar iska, kada a toshe. Ya nuna masa wani baƙin akwati mai nauyi a ƙasa, ya ce sunansa yufiyes, shi ke tace wuta kuma ya riƙe ta in an ɗauke, kada a kuskura a haɗa kwamfuta da bango ko janareta sai ta cikinsa. Ya ce ruwa kuwa, ko kofin shayi kada a aza kusa. Sammani yana ta gyaɗa kai yana “Na sani, na sani,” amma idonsa na taga, inda jama’a suka yi cincirindo. Can ma ya juya wa injiniyan baya, ya fuskanci jama’a yana cewa, “Kun ga wannan gilashin? Duk wanda ya yi ƙaryar suna, nan take zai nuna.”

Injiniya ya ce, “Malam, ka dai ji ko?”

“Ɗan samari, kana goye na fara wannan aiki. Gaida Kano.”

Kwana biyu ana aiki lafiya. Malama Zulaihat na zuwa da hantsi, ta ɗauki takardun da teloli suka cike, ta yi ta ƙwanƙwasa. Sammani na zaune bakin ƙofa yana kora masu leƙe. Amma wani abu na cin ransa. Abu mai tsada haka, a bar shi tsirara? Keken ɗinkin da ya fi kowanne tsufa a Katsina ma yana da rigarsa. Ko kwallar amarya ana yafa mata ɗan mayafi. Kuma a ce ƙungiyar teloli ce, baƙi su shigo su ga kayansu ba sutura?

Ranar Laraba sai ga kwamfuta cikin riga. Karammiski kore, da shafin soso mai kauri a ciki, an yi mata aiki a ƙirji da zare ruwan gwal, ga sunan ƙungiya a rubuce. Gaskiya ɗinki ya yi ɗinki. Ko ’yar kafa bai bari ba sai inda wayoyi ke fita.

Malama Zulaihat ta tsaya riƙe da haɓa.

“Malam Sammani, biki za a kai ta?”

“Mutunci ne, Malama. Ku mata ai kun fi kowa sanin darajar sutura.”

“Yaron nan cewa ya yi kada a toshe mata hanci.”

“Shi ɗan Kano mi ya sani? Su da ko hula ba su iya kari ba.”

Ta tuɓe rigar ta yi aikinta. Da ta tafi ya mayar. Washegari ta sake tuɓewa, ya sake mayarwa. Rana ta uku ta zo ta tarar ya cire zif ɗin gaba ɗaya, ya ɗinke rigar a jikin akwatin da zaren lilo. Ta kai ƙara wurin Alhaji Baƙo. Alhaji ya zo, ya ga sunan ƙungiya da ruwan gwal, ga nasa sunan a ƙasa da ƙananan baƙaƙe, sai ya yi murmushi ya shafa karammiskin.

“Malama, a bar masani da saninsa.”

Sai kuma maganar yufiyes. Shi wannan akwati in an ɗauke wuta kuka yake yi, ƙit, ƙit, ƙit, kamar ɗan tsako ya ɓace wa uwarsa. Sammani ya lura duk layin duhu, amma kwamfuta tana nan da ranta. Sai dabara ta faɗo masa. Yana da babbar rigar wani ango da ke jiran guga, ga gawayi ya ƙare. Ya jira Malama ta tafi sallar azahar, ya ɗauko dutsen guga na lantarki, ya cusa wayarsa a bayan yufiyes ɗin.

Akwati ya yi ƙara ɗaya mai tsawo, ya yi tusa, ya yi shiru.

Almu ya leƙo yana toshe hanci. “Injiniya Sammani, wa ya rasu?”

“Ba wanda ya rasu. Dama ragon akwati ne, kuka ya fi aiki yawa. Yanzu na yaye kwamfutar, ta girma, za ta sha wuta kai tsaye.”

Ya zare wayar kwamfuta ya soka a bango. Yufiyes kuwa ya ja shi bakin ƙofa ya mai da shi kujera, yana cewa ko ba komai ya yi daidai da tsawon ƙafarsa.

Lokacin kuma bazara ce, irin wadda ƙadangare ke gudu da ƙafa uku. Kwamfuta cikin karammiski da soso ta fara nishi. Malama na tsaka da rubutu sai gilashi ya yi baƙi. A jira, a kunna, ta yi rabin sa’a, ta sake suma. Ka aza hannu a kan rigar sai ka ce tukunyar tuwo ce. Malama Zulaihat ta ce ita dai ta faɗa, kuma duk sunan da ya ɓata ba ita ba. Zance ya fara zagaya shaguna cewa katin nan anya.

Sammani ya koma gida da yamma ba walwala. Mahaifiyarsa, Inna Laraba, ta miƙo masa ruwa a moɗa. Ya kurɓa, sanyi ya ratsa shi har haƙori. Ya dubi randar da ke gindin bango, an binne gindinta cikin jiƙaƙƙen yashi, an naɗe ta da buhun algarara mai laima. Ya dubi moɗa. Ya sake duban randa. Sai ya miƙe tsaye har ruwan ya zube.

“Inna! Turawa sun sha wahalar banza!”

“Mi kuma ya same su?”

“Na’urarmu ke zazzaɓi. Ga magani nan a gidanmu tun kaka da kakanni.”

Inna Laraba ta dube shi sama da ƙasa. “Ɗan nan, ni ban yi boko ba, amma ban taɓa ganin an yi wa rediyo wanka ba.”

“Ba wanka ba ne, Inna, ilimi ne.”

“To. Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa kan doka. Kuma buhun nan nawa ne, ka maido mani.”

Da sassafe ya sa aka kawo yashi kwano shida, ya zuba a babban faranti, ya jiƙa, ya dasa kwamfuta a tsakiya. Ya naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu a kan rigar, ya juya mata fanka. Abin haushi, ranar ba ta suma ba sai sau ɗaya. Wayyo, da ma ta suma goma, da an huta. Sammani ya zagaya layin teloli kaf yana ba da labari.

“Esin Katsina ke nan, na’urar sanyi ’yar gida. Ba mai, ba mita. In gwamnati ta ji, sai an zo ɗaukata da jiniya.”

Almu ya ce, “A saka mata ’yar moɗa a kai mana, masu wucewa su samu lada.”

Malama Zulaihat ta zo ta ga yashi, ta ga buhu, ta yi salati ta sanar da Ubangiji. Ta tattare zanenta, ta ɗora ƙafafunta kan benci don kada wuta ta ja ta, ta ci gaba da aiki a haka. Ta ce ita alkawari ta ɗauka na sunaye, za ta cika, sauran kuma tsakaninsu da Allah. Ranar Alhamis ta buga suna na ɗari uku da goma sha bakwai, ta yi hamdala.

Tana fita Sammani ya dubi tulin takardun da teloli suka cike. Ya ce zamanin takarda ya wuce, ajiye su ma ai raina na’ura ne. Masu kauri ya yanka su samfurin wuyan riga da aljihu, ya raba wa abokan sana’a kyauta. Sauran ya ba mai ƙosan bakin titi. Ranar Juma’a duk wanda ya sayi ƙosai a Ƙofar Kaura da sunan tela ya tafi gida.

Asabar ta zo. Aka kafa rumfa a gaban shago, aka jera kujeru, teloli maza da mata kowa ya ci ado da ɗinkin hannunsa. Ɗan kwangila ya iso cikin mota, aka zaunar da shi kusa da Alhaji Baƙo. An shirya a buga katunan a ɗaki a fito da su. Sammani ya ce ina, abin da za a yi a gaban jama’a ba a yi shi a ɓoye ba. Ya sa aka ɗauko tebur, aka kinkimo kwamfuta da farantin yashinta, aka ajiye tsakiyar fili inda rumfa ba ta kai ba, don na baya ma su gani.

Rana ta take. Kafin a gama addu’a da jawabin shugaba, buhu ya bushe ƙayau. Sammani ya taɓa, ya ji zafi. Ya ce a ba shi buta. Ya yayyafa. Ya ga yau ranar girma ce, yayyafi ba zai isa ba, sai ya tuttule butar duka, ya ƙara da ta biyu, har karammiski ya koma baƙi-baƙi yana ɗiga.

Malama Zulaihat ta taso da sauri. “Malam Sammani, don girman Allah!”

“Malama, koma ki zauna. Yau aikin maza ne.”

An ɗauke wuta tun safe, don haka aka tada janareta, ya soka waya kai tsaye. Maroƙi ya ɗaga murya: “Sammani na Laraba! Allura gaban zare! Wanda Kaduna ta gani ta sallama!” Sammani ya naɗe hannun riga, ya juya ga jama’a.

“Jama’a, ku buɗe ido. Abin da za ku gani yau, jikokinku za ku ba labari.”

Wannan kam bai yi ƙarya ba. Ya danna.

Aka ji tas! kamar an fasa kwalba. Wani shuɗin haske ya gilma ta ƙarƙashin buhu. Janareta ya yi tari ya mutu. Sai hayaƙi ya fara fitowa ta wuyan rigar a hankali, da ƙaurin soso da karammiski. Sammani kuwa, da yake hannunsa jiƙe yake, wuta ta ɗan gaishe shi. Ya yi tsalle baya ya faɗa kan cinyar ɗan kwangila, hularsa ta yi nata wuri.

Maroƙi ya tsaya da baki buɗe, kirari ya maƙale.

Almu ne ya fara magana. “Jama’a, a kawo turare. Amarya ta yi ƙauri.”

Fili ya kece. Wasu na dariya har da riƙe ciki, wasu kuwa, waɗanda suka tuna da ɗinkin wata uku, ba su ga abin dariya ba. Alhaji Baƙo ya miƙe.

“Sammani! Ina katunanmu?”

“Alhaji, suna ciki. Atishawa ta yi. Haka na Kaduna ma ke yi in sun ga taro.”

Ana cikin haka injiniyan Kano ya sauka daga acaɓa, dama an gayyace shi, mota ce ta ɓata masa a hanya. Ya kutsa cikin mutane. Ya ga yashi, ya ga buhu, ya ga riga. Ya nemi almakashi, teloli talatin suka miƙo a tare. Ya farke karammiskin, Sammani na cewa “Bi ta kan ɗinki, kada ka ɓata aikin!” Da ya kwance akwatin ya karkata shi, ruwa ya zubo kamar an kifar da tulu, har da tururuwa da ta samu gida a yashin.

Injiniya ya ce, “Ina yufiyes?”

Almu ya nuna bakin ƙofa. “Ga shi can. Kujerar mai gida ce.”

Injiniya ya cire hularsa ya yi fifita da ita. “Alhaji, wannan sai dai a yi mata addu’a. Komai na ciki ya ƙone. A kawo takardun da aka cike, a sake shigarwa wani wuri.”

Can daga baya wani dattijon tela ya zaro wani abu daga aljihu, ya ɗaga. Samfurin wuyan riga ne, ga rabin sunan wani a jiki.

Malama Zulaihat ta ce, “Ku kwantar da hankalinku. Kullum in na tashi sai na kwafe aikin a ’yan faya-fayan ajiya na kwamfuta, kamar yadda yaron nan ya koya mani. Guda huɗu ne, na ba Malam Sammani ajiya tunda shi ke da makulli.”

Rai ya dawo wa Sammani. Ya kakkaɓe riga, ya ɗauki hularsa.

“Kun ji ko? Ajiya ai sai ni. Da wani ne da tuni sun watse.”

Ya ruga shagonsa ya dawo da gwangwanin allurai, ya buɗe a gaban kowa. Kun san mayen ƙarfen nan da teloli ke cirowa daga tsohuwar sifika, don tsince allura da fil in sun zube? Nasa ya fi na kowa girma, kamar waina. Ga faya-fayan nan huɗu ya manna su a jikinsa, biyu ta nan biyu ta can, allurai sun yi musu gashi.

“Ko girgiza ka yi ba za su faɗi ba,” in ji shi, ya girgiza don a gani.

Injiniya ya nemi wuri a ƙasa ya zauna.

Alhaji Baƙo ya ce, “Yaro, lafiya?”

“Alhaji, mayen ƙarfe shi ke shafe abin da ke cikin faifan nan, kamar a wanke allo. Kwana nawa suna nan?”

Sammani ya ce, a hankali yanzu, “Na farkon ya kusa sati biyu.”

Duk da haka aka ce a gwada. Aka ɗunguma, taro guda, har wani shagon buga takardu da ke wajen Ƙofar Kwaya, Sammani a tsakiya kamar an kama ɓarawon akuya. Aka saka faifai na farko, wayam. Na biyu, wayam. Na huɗu ma ƙin shiga ya yi, sai da aka zaro allura daga cikinsa.

Ɗan kwangila, da ya biyo su yana share hawayen dariya, ya ce shi dai tunda yake bai taɓa halartar taro mai daɗin wannan ba. Saboda haka ya ƙara musu kwana biyar. Ko da hannu aka rubuta kati, in dai da hatimin ƙungiya, zai karɓa. In Alhamis ta wuce kuwa, telolin wata unguwa na jira.

Nan a bakin titi Alhaji Baƙo ya yanke hukunci. Sammani zai bi shago ɗari uku da goma sha bakwai da ƙafarsa, da biro da littafi, ya sake rubuto kowa. Malama Zulaihat za ta karɓi aron tafireta ta buga katunan. Sannan ya miƙa hannu ya zare makullin daga wuyan Sammani, ya ba Malama.

Sammani ya shafa wuyansa inda igiyar take. Ya yi tsuru-tsuru, sai ya ba mutane tausayi kuma, don kowa ya san ba mugunta ba ce.

Alhaji ya sassauta murya. “Sammani, ga jama’a, ga Allah. Ka faɗa mana gaskiya ko sau ɗaya. Mi ka sani game da kwamfuta?”

Sammani ya dubi ƙasa. Ya dubi Almu, ya dubi farkakken karammiskin da ke rataye a kafaɗarsa. Ya yi ajiyar zuciya.

“Alhaji, tsakani da Allah, awonta na sani. Tsawo inci goma sha bakwai, ƙirji arba’in da huɗu. Kuma ko makiyina ya ga rigar nan ya san ta zauna mata.”

Almu ya dafa kafaɗarsa. “Ta zauna, taubashi. Ba a taɓa yi wa gawa likkafani mai kyan wannan ba. Taho mu fara da shagona, sunana Almu, in ka manta.”